Wayarka ma tana da kunne



Kun san manhajojin bashin nan. Kana saukewa sai su nemi izinin shiga lambobin wayarka, ranar da ka makara biya kuma sai surukarka ta samu saƙo wai kai ɓarawo ne. To ka ga abin da danna "yarda" sau ɗaya ke jawowa.

Shi ya sa nake ba da shawarar manhajoji masu buɗaɗɗen tushe, waɗanda duk masani zai iya duba yadda aka gina su ya ga ko suna kwasar bayanai.

Na farko F-Droid, kasuwar manhajoji ce ta Android, ba sai ka buɗe asusu ba.

Na biyu Signal. Ko su da kansu ba sa iya karanta saƙonka, kuma tun 2024 kana iya ba mutum laƙabi maimakon lambarka.

Na uku Organic Maps. Ka sauke taswira sau ɗaya, daga nan ba ruwanka da data.

Na huɗu Briar. Ku tuna Satumban 2021 da aka katse layukan waya a Zamfara. Ita tana aika saƙo ta Bluetooth ko Wi-Fi, amma fa sai wayoyin suna kusa da juna.

Kafin ka kwanta yau, shiga saitin wayarka ka duba izinin kowace manhaja. Tocilan ba ta da haɗi da lambar Inna, ka cire mata.

Sai shiri na gaba, a huta lafiya.