A Gwada Magani Tukuna, Kafin a Sayar da Fili



Ba zan ɓata lokacinku da bayanin yadda kitse ke ƙuntata jijiyoyin zuciya ba. Maganata a kan mutumin nan ce da ƙirjinsa ke ɗaurewa in ya hau bene ko ya ɗaga ƙafa don ya riski jam'i, in ya tsaya na 'yan mintuna abin ya sake shi. Shi muke gaggawar rubuta wa takardar Alƙahira ko Indiya a sa masa sitent don buɗe jijiyar, alhali ƙwaya guda muka ba shi, ita ma ba mu taɓa ƙara awonta ba. Ya sayar da fili ya tafi. Na daɗe ina jayayya da wasunku a kan wannan, kuma yau ma ban janye ba.

A 2007 aka buga binciken COURAGE. Majinyata 2,287 a Amurka da Kanada aka raba gida biyu: wasu magani da buɗe jijiya, wasu magani kaɗai. Bayan kimanin shekara 4.6, waɗanda suka rasu ko suka samu bugun zuciya sun kai kashi 19 cikin ɗari a ɓangaren buɗe jijiya, 18.5 a ɓangaren magani. A shekara ta biyar, waɗanda ciwon ƙirji ya bari kashi 74 ne da 72. Amma ku duba abin da suke nufi da "magani kaɗai": asfirin, sitatin, metoprolol, amlodipine, isosorbide mononitrate, ana haɗawa ana ƙara awo gwargwadon buƙata, ga barin taba da motsa jiki. Wa a cikinmu yake ba majinyacinsa wannan kulawar? Binciken ISCHEMIA, mai mutum 5,179, da ya fito a 2020, bai rushe wannan sakamako ba.

Za a kawo mini ORBITA-2 na 2023, inda sitent ya rage ciwo. Gaskiya ne, sai dai an dakatar wa majinyatan da magungunan ciwon ƙirji kafin a fara. Mai toshewar babbar jijiyar hagu, ko wanda ciwon ke kama shi yana zaune, ba da shi nake ba. A tura shi nan take.

Sauran kuwa, a fara da bisoprolol ko ɗan uwansa, wanda ke sassauta bugawar zuciya ta rage neman iska. In bai isa ba a ƙara amlodipine ya buɗe jijiyoyi, sannan naitiret mai dogon aiki, a bar masa sa'o'in hutu a kowace rana don kada jiki ya saba da shi. Kada a haɗa bisoprolol ko ɗan uwansa da verapamil, bugawar zuciya na iya raguwa har mutum ya faɗi. A gaya masa kada ya yanke bisoprolol kwatsam don kuɗi sun ƙare. A koya masa ya zauna kafin ya sa ƙwayar naitiret ta ƙarƙashin harshe.

Saura tambayar da kunya ke hana mu yi. Duk namijin da za ku rubuta wa naitiret, ku sallami ɗan rakiyarsa, ku tambaye shi ko yana shan maganin ƙarfin maza, na kemis ko na kwalba. Sildenafil, maganin ƙarfin maza, da naitiret in suka haɗu, jini na iya faɗuwa har a rasa rai. Ina roƙon a sa wannan tambaya a takardar ganin majinyaci ta kowane asibitinmu.