Kafin mu ɗaga labule: takarda da ƙofa

Yau hirar tamu kan harkar dandalin wasan kwaikwayo ce, kuma da kuskuren kaina zan fara.

Bara ni da abokaina muka shirya wasa kan shaye-shaye. Wata biyu muna atisaye, muka kama zauren biki haya, muka buga tikiti. Labarin kuwa daga wani littafi muka ɗauko shi, ba mu tambayi kowa ba. Ana saura kwana uku marubucin ya kira ni. Bai yi faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi: “Wa ya ba ku izini?” Wallahi na rasa bakin magana. Ga digiri a hannu, amma ban san cewa sayen littafi ba sayen haƙƙinsa ba ne. Haka muka ɗage wasan, kuɗin haya ya bi ruwa.

To, me doka ta ce? Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba marubuci ikon hana a nuna aikinsa a bainar jama'a ko a juya shi zuwa wasa ba da yardarsa ba. Haƙƙin nan ba ya mutuwa da mai shi, yana nan har shekara 70 bayan rasuwarsa. Wato ko marubucin ya kwanta dama, magada na nan. Waƙar da za ka saka kafin a fara wasa ma tana da mai ita, kuma ƙungiyar MCSN ce ke ba da lasisin amfani da waƙoƙi a wuraren taro. Sannan idan kana so izinin ya zama naka kai kaɗai, sai a rubuce. “Ai mun yi magana ta waya” ba ta wadatar ba. A takardar ku rubuta: wasa sau nawa, a ina, nawa za a biya, kuma an yarda a ɗauka a ɗora a YouTube ko a'a. Mu a nan Kano akwai kuma Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i da aka kafa a 2001, a leƙa ta kafin a sa rana.

Wannan takarda ke nan. Saura ƙofa, kuma ita ce ta fi tayar min da hankali.

Ku tambayi dattawan Kano labarin gobarar silimar El Duniya a 1951. Sama da mutum 300 suka rasu. A Amurka ma, a 1903, gobara a gidan wasa na Iroquois da ke Chicago ta ci rai kusan 600, mutane suka cushe a bakin ƙofofin da suka ƙi buɗuwa. Darasin da aka ɗauka shi ne, ƙofar wurin taro waje take buɗewa, kuma ba a garƙame ta alhali mutane na ciki.

Yanzu ku tuna zauren da kuka shiga na ƙarshe. Ƙofa nawa gare shi? Mu namu guda biyu ne, ɗaya an sa mata kwaɗo don kada a shigo ba tikiti, janareta kuma a jikin ɗayar. Sai daga baya na gane marubucin nan taimakonmu ya yi.

Saboda haka mai niyyar gina dandali, kai zanenka hukumar tsara birane, a Kano KNUPDA, kafin ka sa bulo ɗaya. Nemi jami'an kashe gobara su duba. Ka yi hanyar keken guragu, domin dokar masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a 2019 ta wajabta haka ga gine-ginen jama'a, wa'adin shekara 5 da ta bayar kuma ya wuce.

Mu matasa mun iya neman haƙƙinmu wurin gwamnati. To, marubuci ma yana da nasa a wurinmu, haka uwar da ta bar ɗanta ya zo kallo.

Mun yi wasanmu daga baya, da takarda a hannu, ƙofofi a buɗe. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, ya ba mu labari.