Abin da ke Ƙarƙashin Kwalta: Layin Taram na Edinbara da 'Yan Kasuwar Leith Walk



Takardata a kan taram take, wato jirgin ƙasa na lantarki da ke bin titi tare da motoci, misalina kuma guda ne: birnin Edinbara na ƙasar Sikotland. Na zaɓe shi ne domin a can an haƙa titi ɗaya sau biyu saboda aiki ɗaya, na farko ya dagule, na biyu ya zo da dama-dama. Ra'ayina shi ne, zaman lafiyar aiki da jama'a ba a ofishin yaɗa labarai ake ƙulla shi ba. Injiniyan da ya tsara inda za a fara haƙa, da tsawon lokacin da rami zai zauna a buɗe, ya riga ya yanke yadda mutanen unguwa za su karɓi aikin.

Shimfiɗa dogo ba shi ne wahalar ba. Wahalar tana ƙarƙashin kwalta. Dogon taram a kan daɓen kankare yake zama, kuma da zarar an zuba shi, duk bututun ruwa ko na gas ko wayar tarho da ke ƙasansa ba ta taɓuwa. In bututu ya fashe, sai an tsayar da jirage an fasa daɓen. Ga kuma maganar wuta: jirgin daga wayar sama yake ɗaukar lantarki, ya mayar ta cikin dogo, abin da ya zurare cikin ƙasa kuwa yana cin bututun ƙarfe a hankali. Saboda haka dole a kwashe kayan nan a mayar da su gefe tun kafin a yi zancen dogo. A tsohon gari irin Edinbara, taswirar kamfanonin ruwa da gas ba ta cika faɗin gaskiya ba. Ma'aikata kan buɗe rami su tarar da bututun da babu shi a takarda, sai aiki ya tsaya a shiga neman mai shi.

An fara wannan kwashe-kwashe a 2007. A watan Mayun 2008 aka sa hannu kan babbar kwangila da kamfanonin Bilfinger Berger da Siemens da CAF, alhali zanen aikin bai kammala ba, bututu ma ba a gama matsar da su ba. Ɗan kwangila ya zo ya tarar ba a share masa wuri ba, ya nemi ƙarin kuɗi, rigima ta kaure. An tanadi fam miliyan 545 don layi daga filin jirgin sama zuwa Newhaven, da niyyar buɗewa a 2011. Sai ranar 31 ga Mayun 2014 aka buɗe, a kan fam miliyan 776, layin kuma kilomita 14 kawai, ya tsaya a York Place cikin tsakiyar gari. Kwamitin bincike na Lord Hardie, wanda rahotonsa ya fito a 2023, ya ɗora laifi a kan kamfanin TIE da ya kula da aikin, da majalisar birnin, da ministocin gwamnatin Sikotland.

Yanzu mu tsaya a Leith Walk da ke kan hanyar zuwa Newhaven, dogon titi mai gangarawa bakin teku, cike da ƙananan shaguna da gidajen abinci. Ku ɗauki mai shagon burodi. Shingen ƙarfe ya tare masa ƙofa, motar da ke kawo masa fulawa ba ta da wurin tsayawa, an ɗauke tashar bas daga gabansa, tsohuwar da ke zuwa kullum ba ta iya zagayen. Yau a cike ramin, bayan wata biyu wani kamfani ya dawo ya sake buɗe shi. Haka 'yan kasuwar titin suka yi shekaru, daga ƙarshe aka yanke layin kafin ya iso gare su. Sun sha ƙura, ba su ga jirgi ba. Wace takardar ban-haƙuri za a raba wa wannan mutum ya saurara?

Da aka dawo a Nuwamban 2019 don ƙarasa kilomita 4.7 zuwa Newhaven, an sauya salo. An shigo da 'yan kwangila watanni kafin fara haƙa, aka yi ramukan gwaji, aka daidaita jadawali tare. Aka ɗauki ƙa'idar haƙa sau ɗaya: a killace yanki babba, masu bututu su wuce gaba, masu dogo su biyo sawunsu, ba a cikewa a dawo. An kafa wuraren sauke kaya a bakin shinge, da ma'aikatan da ke kai su har ƙofar shago, aka ware fam miliyan 2.4 don tallafa wa 'yan kasuwa. A titin Constitution an san akwai tsohuwar maƙabarta kusa da cocin South Leith, don haka aka sa masana tonon kayan tarihi cikin jadawali tun farko. Sun tono gawarwaki fiye da 350, katangar maƙabartar kuma aka sauke ta aka sake ginawa. Duk da tsaikon korona, an buɗe layin ranar 7 ga Yunin 2023 a kan kasafin fam miliyan 207. Ba na cewa 'yan kasuwa ba su koka ba. Sun koka, titin ya daɗe a toshe. Amma wannan karon akwai wanda za su kama, kuma jirgin ya iso.

Saura magana ɗaya, ta masu keke. Dogon taram yana da kwarmi inda ƙafar jirgi ke bi, tayar keke kuma tana faɗawa ciki muddin mai keke bai gilma dogon a miƙe ba. Mutane da dama sun ji rauni a Edinbara, har a 2019 kotu ta ba wasu masu keke biyu gaskiya a ƙarar da suka shigar. Wanda duk zai zana irin wannan layi a garin da babura suka fi motoci yawa, ya kamata ya zauna da 'yan acaɓa a kan taswirar kowace mahaɗa kafin a zuba kankare.