Zahiri da Baɗini a Labaran Kudancin Amurka

Ya ku malamai da almajiran ilmi, da dattawan Gumel da waɗanda suka taso daga Gagarawa da Sule Tankarkar, maganata a yau a kan wasu marubuta ce na kudancin ƙasar Amurka, yankin da aka gina arzikinsa a kan auduga da gumin bayi, waɗanda suka cika littattafansu da rusassun gidajen manya da mahaukata da mayaudara, har mai karatu ya rasa wane ne salihi, wane ne fasiƙi.

Flannery O'Connor, mutuniyar Jojiya, ta buga wani labari a 1955 game da saurayi mai tallar Littafi Mai Tsarki na Nasara, mai ladabi da sunkuyar da kai, wanda ya shiga gidan wata budurwa gurguwa da ta kai matuƙa a ilmin falsafa, tana ganin ita ce za ta yi wasa da hankalinsa. Sai da ya ja ta rumbun ciyawa ya buɗe littafin, ashe an rarake cikinsa an zuba giya da karta, sa'an nan ya cire mata ƙafar katako ya gudu da ita. Abin lura, girman kanta ne ya buɗe masa ƙofa. Dillalin kasuwar Maigatari, ran Alhamis, ba ya sayen sa don ƙyallin fata sai ya buɗe baki ya duba haƙora, amma mai ilmin nan ba ta duba komai ba, domin ta riga ta yanke hukunci cewa baƙauye ba ya da wayo.

Wannan irin yaudara mun san ta. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, 1934, Alhaji Imam da Malam Zurƙe gari gari suke bi suna ɓad da kama suna cutar juna, mu kuwa muna dariya. Jiki Magayi ne ya fi kusa da duhun da nake nufi, inda Kyauta, ɗan Malam Shehu, wanda sammu ya mai da ɓarawo, ya kashe mahaifinsa bai san shi ne ba.

Amma mas'alar da ta fi nauyi tana wurin William Faulkner na Misisipi. A littafinsa Absalom, Absalom! na 1936, Thomas Sutpen ya saki matarsa ta fari, ya yi watsi da ɗansa Charles Bon, saboda ya ji an ce akwai jinin baƙar fata a jikinta. Da yaron ya girma, fari fat, ya nemi auren Judith, 'yar Sutpen, wato ƙanwarsa uba ɗaya, sai ɗan'uwansu Henry ya harbe shi a ƙofar gida, kuma, wal'iyazu billahi, yadda labarin ya nuna, batun jinin ya fi haramcin auren muharrama tayar masa da hankali. A nan mai ɓoyewa ba ɗan damfara ba ne, al'umma ce gaba ɗaya ta ƙulla ƙarya a kan nasaba, ta kuma zauna a kanta har ta ci 'ya'yanta.

Kada mu yi saurin tsarkake kanmu. Ƙasar nan tamu ta kan iyaka, wadda sarautarta ta Mangawa ce, mubaya'arta kuma a dā ga Barno take ba ga Sakkwato ba, ta ga fatake da mayaƙa da bayi suna ratsa ta zuwa Damagaram, kuma har yau idan an zo neman aure akan tura manya binciken asali, a yi raɗa a zaure, wani lokaci a fasa ba tare da an gaya wa yaro dalili ba. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya taɓo bauta a Shaihu Umar, sai dai gwarzonsa ilmi ya ɗaukaka shi, ba abin da ya ɓoye. Gidan da ya san asalinsa yake rufewa, da jikan da aka hana aure saboda kakar da bai taɓa gani ba, su ne marubutanmu suka fi kauce wa, alhali kowace unguwa ta san irinsu.