JINJIMI DA TABKUNANMU
Jawabin da malamin lakwal ya yi a taron ƙungiyar ƴan Kelle



Iyayena dattawa, Allah ya ƙara muku girma. Ƴan'uwana ƴan ci-rani da wannan takarda za ta iske a Damagaram ko Kano ko Agadas, muna gaishe ku. Yau maganata a kan jinjimi ce, tsuntsun da kowa ya sani amma ba kowa ya kula da shi ba.

Da farko ga kamanninsa. Jikinsa fari ne, kansa da wuyansa baƙi ƙirin ba gashi, bakinsa dogo ne mai lanƙwasa kamar lauje. Tsawonsa ya kai kamar santimita 70, nauyinsa wajen kilo ɗaya da rabi. In kun ga mai gashi dabbare-dabbare a wuya, to yaro ne, bai balaga ba. Kada a haɗa shi da zalɓe: zalɓe in ya tashi sama yakan naɗe wuyansa, shi kuwa jinjimi miƙe shi yake yi. Ba shi da yawan kuka.

Jinjimi ruwa yake bi. In damina ta sauka tabkuna suka cika, sai ya hauro arewa. In sun ƙafe ya koma inda ruwa ke kwana. Yakan taka cikin ruwa marar zurfi yana cusa baki cikin taɓo, da taɓawa yake gane abincinsa. Yana cin tana da kwaɗi da dodon-koɗi da ƙananan kifaye. A tudu kuma yana tsintar fara da tsutsa. Wanda ya ga ɓarnar fara ta 2004 ya san duk bakin da ke cin fara abokin manomi ne.

Ba ya sheƙa shi kaɗai. Taruwa suke yi da yawa bisa manyan itatuwa kusa da ruwa, sau da yawa tare da balbela da zalɓe. Macen takan yi ƙwai 2 ko 3, ita da namijin suna karɓa-karɓa wajen kwanci har kwana 28 ko 29. Sa'an nan sai ƴaƴan sun fi wata ɗaya kafin su iya tashi. Watau kusan wata biyu da rabi yana bukatar abu uku: ruwa, da itace, da kwanciyar hankali. In ɗaya ya ɓace, haihuwar shekarar ta ɓaci.

Ku ji abin da ya faru a Masar. Mutanen zamanin Fir'auna sun girmama wannan tsuntsu ƙwarai, har gunkinsu na rubutu da ilmi, mai suna Tot, kan jinjimi suka yi masa. Sukan naɗe gawarsa da ƙyalle su binne, an kuwa tono miliyoyi a Sakkara da wasu wurare. Duk da haka, wajen tsakiyar ƙarni na 19 jinjimi ya daina haihuwa a Masar, masana kuma suna danganta wannan da busar da fadamu da aka yi. Girmamawa ba ta tsare shi ba da mazauninsa ya lalace.

To, mu fa? Dattawa sun fi ni sanin yadda ƙasar Kutus take kafin farin 1973 da na 1984. Itatuwa sun ragu, rairayi yana ta cike kwari da tabki a ƙasar Gure. Tabkin da ya cushe ba ya riƙe ruwa har kaka, kuma ranar da jinjimi ya rasa wurin kiwo, ranar ce awakinmu da raƙumanmu suka rasa mashaya. A jaharmu ta Damagaram an sa tabkin Lasuri a 2005, da na Gidimuni da kuke wucewa a hanyar Damagaram a 2019, cikin jerin wuraren ruwa na yarjejeniyar Ramsar ta 1971. Ƙananan tabkunanmu ba su cikin wannan jeri. Ba mai tsaronsu sai mu.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Na ɗaya, dattawa su sa baki a bar saran bagaruwa da gawo da ke bakin tabki. Na biyu, iyaye su hana yara harbin tsuntsaye da danƙo da kwasar ƙwai; mu ma a lakwal za mu faɗa musu. Na uku, ku ƴan ci-rani, cikin abin da kuke aikowa asusun ƙungiya a ware wani kaso don yasar tabki da rani, da dashen itatuwa ranar 3 ga Agusta, tare da shingen da zai kare su daga dabbobi.

Abin da ya rage sai shawararku, iyayena. In kun amince, a tsai da ranar fara aiki kafin mu watse. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya maido matafiyanmu gida lafiya. Amin.

Wassalam.