Idan Fuskar Kwamfuta Ta Yi Baƙi: Jawabin Da Aka Gabatar A Taron Ƙungiya



Mai girma Sarkin Hausawa, shugaban ƙungiya, iyayenmu malamai, 'yan'uwa maza da mata, ina yi muku barka da zuwa. An umurce ni in ɗan yi bayani a kan sana'ata ta gyaran kwamfuta, to na zaɓi matsala ɗaya wadda ta sha cin kuɗin mutanenmu a nan Agege.

Kwanan baya wani ɗan'uwanmu mai sayar da goro ya sayar da kwamfutar ɗansa da araha, don wani mai gyara ya ce masa wai fuskarta ta mutu. A ciki akwai aikin makarantar yaron da lissafin bashin da ake bin abokan ciniki. Da ya ba ni labarin yadda abin ya faru, wallahi raina ya ɓaci, domin alamun da ya faɗa na ciwon da ake warkarwa ne ba tare da an sayi komai ba.

Ga yadda abin yake. Ka kunna kwamfuta, ka ga tambarin kamfanin da ya ƙera ta, HP ne ko Dell ko Lenovo, sai Windows ta fara tashi, nan take fuska ta yi baƙi ƙirin, alhali fanka na juyawa. To kun ga, tunda ta nuna tambari, fuskar nan da ranta. Galibi laifin direba ne, kuma ba direban mota nake nufi ba. Wata 'yar manhaja ce mai aikin tafinta tsakanin Windows da na'urar da ke zana hoto, wadda Intel ko AMD ko NVIDIA suke ƙerawa. Ku da kuke ciniki da Yarabawa kun san idan tafinta ya rikice, ciniki ya tsaya ko da kaya lafiyayyu ne. Yakan rikice ne idan an sabunta shi da wanda bai dace ba, ko aka ɗauke wuta ana cikin sabuntawa.

Abu na farko, ka danna maɓallai huɗu tare: na Windows, da Ctrl, da Shift, da harafin B. A Windows 10 da 11 wannan yana sake tayar da direban, har za ka ji ɗan ƙara. Sannan ka cire duk abin da ka jona, in akwai wayar HDMI ka gwada ta da talabijin ɗin gida.

In hakan bai yi ba, sai a shiga abin da ake kira Safe Mode. Ka kunna, da zarar tambari ya fito ka danne maɓallin wuta har ta mutu. Ka maimaita sau biyu zuwa uku, da kanta za ta buɗe shafin gyara. Ka zaɓi Advanced options, ka bi Troubleshoot har ka kai Startup Settings, ka sake tayar da ita, ka danna lamba 4. A nan Windows takan ajiye tafintan da ya rikice ta ɗauki nata na wucin gadi. In hoto ya fito, ai ka kama ɓarawonka.

Daga nan ka buɗe Device Manager, ka nemi Display adapters. In akwai Roll Back Driver ka danna, zai mayar da tsohon direban da ke aiki lafiya. In babu, ka cire direban, ka sake kunnawa, sannan ka ɗauko wanda ya dace daga kamfanin da ya ƙera kwamfutar. Amma kafin ka taɓa komai, don Allah ka kwashe takardunka a filas.

Sai dai fa in ko tambarin bai fito ba tun farko, wannan wata magana ce. Ka haska fuskar da tocila, in ka hango hoto dishi-dishi, fitilar bayanta ce ta lalace. Wannan kam sai mai gyara.

Abin da nake roƙonku shi ne, kada kowa ya yarda a yi masa fomatin, ko ya biya kuɗin sabuwar fuska, kafin a gwada waɗannan a gaban idonsa. Tambaya ba ta ɓatar da mutum. Masu Windows 10 kuma su sani Microsoft ta daina kula da ita na yau da kullum tun 14 ga Oktoba, 2025, sai a lura wajen sayen ta hannu.

Mai tambaya ya same ni bayan an tashi. Allah Ya sa wa kasuwanninmu albarka, Ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu. Wassalamu alaikum.