Daga Tallafin Mai Zuwa Yunwa: Zanga-zangar 2012 da ta 2024 a Najeriya

Ranar 1 ga Janairun 2012 gwamnatin Goodluck Jonathan ta janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141 a dare ɗaya. Mako biyu bayan haka gwamnati ta sassauta, ta mayar da lita naira 97. Ranar 29 ga Mayun 2023 kuma, a dandalin rantsuwa, Bola Tinubu ya sanar da cewa tallafi ya tafi. Lita ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, jama'a suka fito tituna a watan Agustan 2024, amma ko sisi ba a rage ba. Wannan takarda tana neman dalilin da ya sa fitowar farko ta samo wani abu, ta biyu kuwa ta ƙare da jana'iza da kurkuku, alhali wahalar da ta haifar da ita ta fi tsanani.

Tsuke bakin aljihu ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Tun 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin SAP, aka karya darajar naira, aka sallami ma'aikata, har ɗalibai suka jagoranci tarzomar 1989. Hujjar hukuma ba ta sauya ba: a yi haƙuri yau, a ga amfani gobe.

Abin da ya bambanta 2012 shi ne tsari. Ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC suka shiga yajin aiki ranar 9 ga Janairu. Bankuna suka rufe, kasuwanni suka rufe, filayen jiragen sama suka tsaya, ma'aikatan mai suka yi barazanar dakatar da haƙo ɗanyen mai. Buƙatar guda ɗaya ce, ko yaro ya iya faɗarta: a dawo da naira 65. Akwai kuma shugabannin da gwamnati za ta kira ta zauna da su. A Legas an taru a Ojota. A Kano matasa suka mamaye shataletalen Silver Jubilee suna kwana a wurin, kuma a can aka ga Kirista sun yi gadin Musulmi lokacin sallah, abin da mutanen Kano ba su manta ba. An rasa rayuka, kuma da yawa sun ji ƙungiyar ƙwadago ta sayar da su da ta amince da naira 97. Duk da haka matsin ya tilasta wa Majalisar Wakilai binciken kuɗin tallafin, aka gano cewa abin da aka biya a 2011 ya haura naira tiriliyan 2, alhali kasafin bai kai biliyan 250 ba. Shugaban kwamitin binciken kansa, Farouk Lawan, daga baya kotu ta ɗaure shi kan karɓar cin hanci. Wannan ya isa ya nuna inda rashin yardar talaka ya samo tushe: ana ce masa tallafi ɓarna ne, amma ɓarayin tallafin ba su ne ake yanke wa abinci ba.

A 2024 yunwa ce ta yi kira. Bayan janye tallafi an saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, hauhawar farashi ta kai kashi 34 cikin ɗari a watan Yuni, ta kayan abinci ta haura kashi 40. Tun a Fabrairu mata suka tare hanya a Minna, masu gurasa a Kano suka fito kan tsadar fulawa. Alamar ta bayyana ga duk mai son gani.

Sai dai da ranar 1 ga Agusta ta zo, masu zanga-zangar sun fito ba uwa ba uba. Kwana uku kafin nan shugaban ƙasa ya sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, don haka ƙungiyar ƙwadago ba ta kira yajin aiki ba. Manyan malamai da sarakuna da dama sun yi ta jan hankalin matasa su zauna gida. Kiran ya yaɗu ne ta Facebook da TikTok da WhatsApp, buƙatun suna da yawa, babu wanda zai ce a tsaya a tsaya. A Kano aka wawashe cibiyar fasahar zamani ta hukumar NCC da ake shirin buɗewa, aka sa dokar hana fita ta awa 24, haka ma a Jigawa da Yobe da Borno. Tutocin Rasha da wasu suka ɗaga sun ba hukuma damar sauya zancen daga tsadar masara zuwa cin amanar ƙasa. Ƙungiyar Amnesty ta ce aƙalla mutum 24 jami'an tsaro suka kashe, dukkansu a jihohin Arewa, rundunar 'yan sanda ta musanta.

Bai kamata a wuce wannan batu da sauri ba. Mafi ƙarancin albashi ya shafi mai albashi ne kawai. Ɗan dako a kasuwar Singa, mai kabu-kabu, manomin da 'yan bindiga suka raba da gonarsa a Zamfara, yaron da bai taɓa shiga aji ba, babu ɗayansu da ke da katin wata ƙungiya. Su ne tsadar ta fi ci, su ne suka cika tituna, kuma babu kujerarsu a teburin sulhu. Malaman da suka hana fita sun yi gaskiya da suka ji tsoron fitina, amma wanda ya hana mai jin yunwa ihu, nauyi ya hau kansa ya kai kukansa inda za a ji.

Ranar 1 ga Nuwamban 2024 aka gurfanar da mutum 76 da aka kama kan zanga-zangar a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja, da yawansu yara ƙanana daga Kano, bayan kusan wata uku a tsare. Huɗu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, aka sa belin kowanne naira miliyan 10. Sai da hotunan suka zagaya duniya sannan shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su. A lokacin litar mai ta riga ta haura naira 1,000 a gidajen mai na NNPC.